Sati uku ina dakon fostocin zaɓe a Arewacin Cyprus

Janairun 2022 ina Famagusta, shekarata ta biyu a makaranta, aljihu ya yi ƙaf. Haya da fam ɗin Ingila ake biya, cefane da lirar Turkiyya, ita kuwa lira a Disamba ta sha ƙasa har dala ɗaya ta kai wajen 18, yau ka sayi burodi gobe ka koma an canza farashi. Sai wani ɗan ajinmu ya ce min akwai wani dattijo mai shagon buga takardu yana neman masu ɗaukar kaya saboda zaɓe ya matso. Na ce zaɓen me kuma? Ashe gwamnatin haɗaka ce ta watse, firaminista Ersan Saner ya ajiye aiki tun Oktoba, shi ne aka jawo zaɓen majalisa baya zuwa Lahadi 23 ga Janairu ba a jira wa'adi ya cika ba.

Gaskiya da raini na shiga aikin. Ƙasar da tun 1983 da ta ayyana kanta babu mai amincewa da ita sai Turkiyya, majalisar ma kujeru 50 ne kacal, a raina na ce wannan ai zaɓen kansiloli ne. Aikina dai loda fostoci da tutoci a bayan mota, mu kai ofisoshin jam'iyyu, na UBP ruwan lemo na CTP kore, kuma oga duka yake buga wa ba ruwansa, sai dai ya ja min kunne kar na kuskura na haɗa kayan a kwali ɗaya. Ranar ta uku kuwa sai da na haɗa. Mun sha kallo.

Abin da ya fara kashe min baki samfurin takardar ƙuri'a ne, faɗinta sai ka ce shafin jarida. Za ka iya buga hatimi a jam'iyya ɗaya ka wuce, ko ka buga hatimin sannan ka zaɓi waɗanda ka fi so a cikinta, ko kuma ka bar hatimi gaba ɗaya ka bi sunaye kana tsinto 'yan takara daga jam'iyyu daban-daban, wannan suke kira karma. Ni da na saba dangwala yatsa a gefen tambari sai da oga ya yi min bayani sau uku. Kuma wurin ƙarami ne, kowa ya san kowa, ɗan takara ko likitanka ne ko malamin ɗanka, shi ya sa karmar take da kasuwa.

Babban kuskurena wata yamma ne muna shan shayi a 'yan kofunan nan nasu masu siririn ƙugu, bakina ya suɓuce na ce, Baba wai wa ma zai yarda da sakamakon nan a duniya? Ya yi shiru har na ji kunya. Can ya ce shi a Baf aka haife shi, can kudu, yana yaro suka ƙauro bayan yaƙin 1974, kuma kuɗin wuta da albashi ba sa jiran Majalisar Ɗinkin Duniya. Daga ranar na koyi kame baki, maganar raba tsibiri ko haɗe shi ba ta baƙo ba ce, ka saurara kawai. Da na saurara ɗin ma sai na ga hirar shagon duk ta tsadar rayuwa ce, ga shi kuɗin da suke kuka da shi a Ankara ake juya shi ba a Lefkoşa babban birninsu ba.

Sakamako ya fito, UBP kujeru 24, CTP ta Tufan Erhürman 18, DP da HP uku-uku, YDP biyu. Babu mai rinjaye, aka sake komawa haɗaka, Faiz Sucuoğlu na UBP, wanda ya gaji Saner a kujerar firaminista, bai ko yi wata huɗu ba bayan zaɓen, zuwa Mayu Ünal Üstel ne firaminista.

Ɗaya darasin na aljihu ne. Na yarda a biya ni bayan zaɓe, oga ya ce shi ma 'yan siyasa ba su sallame shi ba, ragowar kuɗina sai Maris suka shigo hannu lokacin kwalbar mai ta ƙara tsada. Yanzu ko aikin kwana biyu ne kullum nake karɓar nawa. Ya dai haɗa min da ragowar wata babbar banar kamfen mai hoton wani ɗan takara da ya faɗi, da ita na toshe tagar ɗakina har sanyi ya wuce.