Warin da ya sa Hajiya ta kashe esi

Ƙarshen Satumbar bara, ruwa ya fara janyewa zafi ya dawo, na shiga ɗakin mahaifiyata Hajiya bayan la'asar na tarar ta buɗe tagogi tana fifita da mafici. Ga wuta kuwa an kawo, abin da ba kullum muke samu a Gyallesu ba. Na ce, "Hajiya, lafiya kika kashe esi?" Ta ce, "Kunna ka ji da hancinka." Ina danna rimot sai iskar farko ta buso wani wari irin na tabarmar da ruwa ya jiƙa aka naɗe ba a shanya ba. Hajiya tana fama da asma, saboda ita na sa na'urar sanyaya ɗakin tun farko, don haka hankalina ya tashi.

Ashe maiɗakina ta yi kwana uku tana turara ɗakin da turaren wuta ko warin zai gudu. Bai gudu ba, sai ma ya gauraya da ƙamshin ya zama wani abu mai hawa kai. Daga baya na gane dalili: irin wannan esi mai gida biyu, ɗaya a ciki ɗaya a waje, ba ya jawo iska daga waje. Iskar ɗakin yake zuƙa ya sanyaya ya dawo maka da ita. Duk abin da ke yawo a ɗaki, ƙura ko hayaƙi, ta cikinsa zai bi, wani kuma ya maƙale.

Washegari na ɗauko wani mai gyara daga Sabon Gari. Ya kashe wuta daga bango, ya ɗaga murfi ya zaro raga biyu. Ƙura ta yi musu kauri kamar bargo, tun ta hunturun da ya wuce. Bayan ragar akwai siraran ƙarafan da ke yin sanyi. Ya ce in tuna yadda gorar ruwan sanyi take gumi idan an ajiye ta. Haka ƙarafan nan suke tatsar laimar iska, ruwan ya ɗiga cikin wani ɗan kwararo a ƙasansu, ya bi tiyo ya fita waje. Sai ya haska min cikin kwararon da fitilar waya. Ruwa ne kwance baƙi ƙirin, mai yauƙi, ga fumfuna ta yi ɗigo-ɗigo a jikin doguwar fankar da ke hura iska.

Muka zagaya bayan ɗaki. Ya kama bakin tiyon ya ce, "Alhaji, yaushe rabon da ka ga ruwa yana zuba a nan sosai?" Ban taɓa dubawa ba. Zanzaro ne ya yi gininsa na laka a ciki, ya bar 'yar kafa kaɗan. Shi ya sa ruwan bai kai ga tsiyayowa ta bangon ɗaki ba, amma kuma ba ya ƙarewa. Ƙurar hunturu, laimar damina, duhu, ruwa a kwance: me fumfuna take nema da ya wuce wannan? Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne, wannan iskar ce mahaifiyata take shaƙa tana barci.

Aikin bai kai awa biyu ba. Ya rataya leda a ƙasan na'urar, ya wanke ƙarafan da fankar da famfon feshi, ya fasa gidan zanzaron, ya zuba ruwa a kwararon har muka ga yana fita da gudu.

Yana aiki ina tambaya, kuma na fahimci kowane wari da inda yake nunawa. In ɗoyin mushe ne, galibi tsaka ce ko ɓera ya shiga ta ramin bangon da bututu suka bi ya mutu a ciki. A ciro, a wanke, a liƙe ramin. In warin kwata ne ko na masai, a duba inda aka kai bakin tiyo. Wani abokina a Samaru an cusa nasa cikin magudanar banɗaki don kada ruwa ya ɓata bango, warin ya riƙa biyo tiyon har kan gadonsa. Da aka zaro aka bar shi a sarari, magana ta ƙare.

Ƙauri kuwa ba a yi masa jinkiri. Da ka ji kamar roba ko waya tana ƙonewa, ka kashe daga bango nan take, kada ka ce bari in sake gwadawa. Wutarmu tana zuwa ƙasa-ƙasa, wani lokaci ta dawo da ƙarfi, ga masu haɗa esi da siririyar waya ko soket mai sako-sako. Wannan hanyar gobara ce, aikin mai sana'a ne.

Akwai kuma wanda zai ce maka, "Gas ne ya ƙare, shi ya sa yake wari." Kada ka biya kuɗin gas a kan wannan maganar. Gas ɗin da ake sa wa na'urorin nan, R22 ko R410A ko R32, kusan ba shi da wari. In yana yoyo, a sanyin za ka gane: ya ragu, ko ƙanƙara ta kama bututu, ko ka ga maiƙo a mahaɗa.

Yanzu duk mako biyu nakan zaro ragar in ɗauraye da ruwa in shanya a inuwa, ba na mayarwa sai ta bushe ƙayau. Na koya wa yara su mayar da esi ɗin kan fanka kaɗai na kamar minti 20 kafin a kashe, don cikin ya tsane, duk ranar da wuta ta ba da dama. Mai gyara kuma sau biyu a shekara: ƙarshen Fabrairu kafin bazara ta kankama, sai bayan ɗaukewar ruwa. Turare sai an kashe esi, an buɗe taga.

Bakin tiyon mun ɗaure masa guntun gidan sauro saboda zanzaro, mun ajiye bokiti a ƙasa. Hajiya da kanta take leƙa bokitin kowace safiya, ta zuba ruwan a gindin zogalenta. Ranar da ta ga bai taru ba alhali an kwana da wuta, tun kafin in karya kumallo take aiko a kira ni.