Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Shekarar da Farantin Awara Ya Raba Ni da Aji Biyar

Assalamu alaikum masu bibiya. A makon jiya na tsaya a kan ciwon ƙafar Baba, da yadda tumakin Inna suka ƙare a kuɗin magani tun kafin a girbe gero. Shekarar 2007 ke nan, shekarar da Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa ya bar kujerar gwamnan Katsina ya koma Abuja. Garinmu ya sha kiɗa da guɗa a kan haka, mu dai a gidanmu lissafin abin da za a ɗora da dare ake yi.

Babu wanda ya zaunar da ni ya ce daga yau kin bar boko. Abin a hankali ya zo. Da farko ranar Laraba kawai nake fashi, saboda ita ce ranar kasuwarmu, kuma wannan ba abin magana ba ne, don ko malamai sun san ranar Laraba ɓangaren mata na ajinmu fayau yake. Daga nan sai Alhamis ta shigo, don awarar da ta kwana ba za a zubar ba. Kafin a yi hutun ƙarshen zango yunifom ɗina ya koma ƙasan adaka. Ƙawata ta ce idan Malam ya kira sunana a rajista, 'yan aji ne ke haɗa baki su amsa masa, "Tana tasha."

Bari in yi wa Inna adalci, domin na sha jin masu jawabi a rediyo suna cewa jahilci ne ke sa uwa ta ɗora wa 'yarta talla. Inna ta sauke Alƙur'ani, kuma babu mai cutar ta a lissafin kwabo. Matar kulle ce, ba ta leƙa ko ƙofar gida sai da dare in an yi rasuwa ko haihuwa. Za ta jiƙa waken suya, a kai markaɗe, ta tace, ta dafa, ta zuba ruwan tsami ya kama, ta matse a buhu, ta yanka, ta soya. Duk wannan wahala ba ta zama kuɗi sai an sami mai fita da ita, ni ce kuma 'yar fari. Ribar kashi biyu take yi mata. Ɗaya na cefane, ɗaya ta jefa a asusun ƙasa da ke bayan gado, wanda ba a fasa shi sai dillaliya ta kawo samira ko fanteka. Kayan ɗakina ke nan ake tarawa tun ina shekara tara. A garinmu in aka zo jere aka ga bangon amarya da sauran fili, uwarta ake yi wa dariya, ba ubanta ba.

Tasha kuwa ba wurin yarinya ba ne. Akwai wani ɗan kamasho da zai ci ta naira 30, in na miƙa hannu sai ya riƙe min tsintsiyar hannu yana dariya, ya ce sai na kira shi angona zai biya. In na koma gida kuɗi bai cika ba, ni ce da faɗa. Ban taɓa gaya wa Inna ba, don ban san ta ina ake fara irin wannan zance da uwa ba.

Hedimasta ne ya fara zuwa. Ya yi sallama da Baba a soro, ina laɓe a bayan zana ina ji. Ya ce akwai dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta wajabta wa kowane yaro shekara shida a firamare da uku a ƙaramar sakandare, kyauta. Ya ce uban da ya ƙi, karon farko gargaɗi ne, na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata guda. Baba ya saurare shi har ya gama, ya gyara ƙafarsa mai ciwo, ya ce, "Malam, duk na ji. Amma sai da ruwan ciki ake jan na rijiya." Suka yi musabaha, aka rabu a mutunce. Washegari na ɗauki farantina.

A lokacin Katsina na cikin jihohi shida da aka fara shirin ilimin 'ya'ya mata na UNICEF da tallafin gwamnatin Birtaniya, tare da Bauchi, Borno, Jigawa, Neja da Sakkwato. Mu yara abin da muka gani shi ne farar mota da ke zuwa jefi-jefi, sai kuma kwamitin kula da makaranta da aka kafa, wanda mai unguwa da liman da wakilin matasa ke ciki, har da ɗalibi da ɗaliba. Daga baya aka ce mata ma su yi tasu ƙungiyar. Maza sun yi ta dariyar abin, wai matan da ba su san "a" ba za su gyara boko. Wadda aka naɗa shugaba ita ce ungozomar garin, kowa Goggo yake ce mata. Ita ta yanke cibiyar rabin unguwarmu, don haka babu gidan da ake tambayar ta me ya kawo ta.

Tsarinsu mai sauƙi ne. Duk ranar Juma'a da safe Malama, mace ɗaya tilo a cikin malamanmu, za ta buɗe rajista ta karanto wa Goggo sunayen yaran da ba a gani ba a makon. Goggo ba ta karatu, a ka take riƙewa, tana cewa 'yar wance, jikar wane. Sai su raba gidaje.

Su uku suka shigo mana bayan la'asar, Inna na tsaka da tatar wake. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa, aka yi gaisuwar da ta kai har kan ƙafar Baba da tsadar man gyaɗa. Ban ji an ambaci makaranta ba. Goggo ta ɗauki awara ɗaya ta gutsira, ta yaba, sannan ta ce, "'Yar nan, nawa kike samu a kwano guda?"

Inna ta yi jim. Ta ce, "In Allah ya sa an sayar duka, Goggo, a fitar da kuɗin wake da mai da itace da markaɗe, ba a rasa ɗari da hamsin."

"In ba a sayar ba fa?"

"Sai mu ci."

Goggo ta sa aka miƙo mata ƙwayar wake, ta jera a gefen tabarma. Wannan na safe, wannan na yamma. Ta tambayi wanne ya fi tafiya, Inna ta ce na safe, saboda motocin da ke lodi. Ta tambayi bashin da ake ci ba a biya, Inna ta dube ni, na sunkuyar da kai. Goggo ba ta bi ta kaina ba, ta ture ƙwaya biyu gefe ta ce wannan na 'yan tasha ne, Allah ya isa. Sai ta ce, "To ga shawara. Kin san tsohuwar nan ta bayan masallaci da mijinta ya rasu bara? Zaune take, ba ta da mai ba ta. Ta zo da safe ta ɗauki na safen, ta zauna a ƙofar makaranta. In an tashi tara yara ɗari nawa ne ke fitowa da biyar-biyar a hannu? Ga malamai. A kowace ɗari ki ba ta goma. Yarinya ta je aji, in ta dawo ta ci abinci ta zaga da na yamma cikin unguwa. Tasha kuwa an gama."

Inna ta ce, "Goggo, ribar za ta ragu."

"Za ta ragu. Ban zo in yi miki ƙarya ba."

Daga nan ɗaya matar ta kawo zancen adashi. Matan ƙungiya na zubin naira 50 duk mako, kuma sun yi ƙa'ida cewa uwar da ta mai da 'yarta aji ita ake ba ɗaukar gaba, ko da ba layinta ba ne. Nan fuskar Inna ta sauya. Da ɗaukarta, da ɗan abin da ƙanenta ya cika mata, aka sayo injin taliyar hannu daga birni. Aka ɗaure shi a jikin benci a tsakar gida, igiyoyin shanya suka cika da taliya, kuma mai so shi ke aiko yaro har gida. Cinikin da ba ya buƙatar kan yarinya ke nan.

Da za su tafi Goggo ta tsaya a soro. Abin da ta ce wa Baba gajere ne: "Malam, ranar Litinin jikata za ta koma. Na gaya maka ne don girmanka." Baba ya yi dariya ya ce, "Goggo, wa ya isa?"

Komawar ba ta yi daɗi ba. Yunifom ya ɗage, an wuce ni a lissafi, an shiga raba dogon lamba ban san kansa ba, yara maza kuma suna kirana mai awara. Malama ta riƙa tsayar da mu, mu da aka dawo da mu, bayan an tashi, a gindin dalbejiya, tana maimaita mana abin da ya wuce. Ba a biyan ta ko sisi a kan wannan. Wani lokaci jaririnta na goye, tana jijjiga shi tana rubutu a ɗan allon katako.

A wannan zangon ne na fara al'ada, a cikin aji, ana darasin Hausa. Na ji danshi, na duba, na ga abin da ban taɓa gani ba a jikin farin wandona. Na ƙi tashi har aka kaɗa ƙararrawa kowa ya watse. Na ɗauka wani ciwo ne ya kama ni, har ina tunanin ko hannun ɗan kamashon nan ne ya jawo min. Malama ta leƙo ta same ni ina kuka. Ta cire mayafinta ta ɗaura min a ƙugu, ta kai ni ɗakinta, ta ba ni ruwa a buta da sabulu, ta yaga tsohon zane mai tsabta ta nuna min yadda ake naɗa ƙunzugu, da yadda ake wanke shi a shanya a rana ba a ƙarƙashin katifa ba. Ta ce, "Ƙanwata, lafiya ce ta kawo wannan. Kin girma ne. Salla ta faɗi a kanki sai kin yi wanka, amma makaranta ba ta faɗi ba." Ita ta raka ni gida ta yi wa Inna bayani a ɗaki, don ni da Inna akwai kunyar 'yar fari, ko sunana ba ta faɗa.

Sai a lokacin na gane dalilin da manyan 'yan matan aji shida ke ɓacewa kwana huɗu ko biyar duk wata. Makarantarmu ba ta da bayan gida. Maza su zaga bayan katanga, mu kuwa sai dai mu riƙe har a tashi. Malama ta kai wa Goggo maganar, Goggo ta kai ta zaman kwamiti, a gaban liman da mai unguwa, ta faɗe ta da sunanta. An ce dattawa sun yi ta kallon ƙasa. Amma da ɗan tallafin da makaranta ta samu ya zo, aka fasa fentin ofis aka sayi siminti da kwano, matasa suka buga bulo suka haƙa rami, aka yi masai biyu na mata a can nesa da na maza, da ƙofa mai sakata da randa a gefe.

Kada in sa ku ɗauka kowa aka ceto. Ƙawata da ke kawo min labarin rajista, ita aka cire ana saura wata biyu jarrabawa, aka ɗaura mata aure. Goggo ta je gidan har ta gaji. Matan nan suna da iko a tsakar gida, a kan faranti da tukunya da asusu, amma in magana ta koma soro tsakanin uba da 'yan'uwansa, sai dai su yi roƙo. Shekaru bayan haka, a 2014, na ji an fara ba iyaye mata naira 5,000 duk wata uku a kan kowace yarinya a jihohin Sakkwato da Neja don ta zauna a aji. Na yi murna, don na san abin da wannan kuɗi zai yi a gida irin namu. Sai dai kuɗin shiri yana da ranar ƙarewa, adashin su Goggo kuwa har na yi aure ana zuba shi.

Na gama aji shida a 2009, na ci jarrabawar shiga ƙaramar sakandare. Makarantar tana garin hakimi, tafiyar kusan awa guda a ƙasa, kuma kwamiti ya riga ya shirya cewa 'yan matan unguwarmu za su riƙa tafiya a ayari, da wani dattijo mai keke yana bin mu a baya. Inna har ta yanko yadin yunifom ta kai wa tela. Ana saura mako guda a koma, Baffa, yayan Baba, ya iso daga ƙauye da magariba, da ƙullin goro a aljihun babbar riga, ya ce a kira masa Baba soro, kuma kada yara su matso.

Abin da aka tattauna a daren, da yadda Goggo ta tashi liman daga barci, shi za mu ɗora a kai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.