Yadda na koyar da waƙar kaka ta Keats, da takardar da ta riga ni shiga aji

Har yanzu raina na sosuwa idan na tuna da takardar nan. Shafi biyu ce, ana ta yin hotonta ana sayar wa ɗalibai, ba a ma san wanda ya rubuta ba. An ja layi huɗu a ciki: lokacin tsiro haihuwa ne, lokacin zafi ƙuruciya, kaka tsufa, hunturu mutuwa. A ƙasa kuma aka ce wai mawaƙin Ingila John Keats ya rubuta waƙarsa ta kaka, "To Autumn", yana kan gadon ajali. Kafin in buɗe baki a kan waƙar a zangon da ya wuce, ɗalibaina sun riga sun haddace wannan.

Zancen gadon ajali ƙarya ne. Keats ya yi waƙar ranar 19 ga Satumba 1819 a Winchester ta Ingila, bayan ya fita yawo da ƙafa a bayan gari. Kwana biyu tsakani ya rubuta wa abokinsa cewa gonakin da aka girbe sun fi shiga ransa a kan koren lokacin tsiro, don akwai ɗumi a kamanninsu. Bai fara tarin jini ba sai Fabrairun 1820, ya rasu a Roma a Fabrairun 1821 yana da shekara 25. Ajali kam ya san shi: tarin fuka ya ɗauke mahaifiyarsa a 1810, ya ɗauke ƙaninsa Tom a Disamban 1818, kuma shi ya yi jinyar Tom ɗin. Amma wanda ya yi waƙar nan mutum ne mai tafiya da ƙafarsa yana shan iska, kuma wannan bambancin shi ne ruhin waƙar.

Na ce kowa ya tura takardar cikin jaka, mu karanta abin da ke gabanmu: baiti uku, kowanne ɗango 11. Na farko da na biyu ba su ba mu wahala ba. 'Ya'yan itace sun nuna, zuma ta cika saƙa, kaka ta zama mutum da ya kishingiɗa a gonar da ba a gama girbe ba. Yaran da suka tashi a gidan noma ba sa bukatar a faɗa musu cewa kaka lokacin wadata ne da bukukuwa.

A baiti na uku ne abin ya faru. Muna lissafa muryoyin yamma, da kukan ƙananan ƙwari a bakin kogi, da gyare, da tsuntsayen da ke taruwa a sama za su yi ƙaura, sai wata ɗaliba mai kiwo a gida ta tsaya a kan 'yan tumakin da mawaƙin ya ce sun girma. Ta ce, "Malam, ɗan ragon da ya cika girma, me ya rage masa? Kamar ragon layya ne ana jibi Sallah, yana ta kuka abinsa bai san komai ba." Ajin ya yi tsit. Wallahi na ji daɗin wannan magana fiye da yadda zan iya faɗa. Ta gano mutuwa a inda Keats ya ajiye ta, a cikin ƙoshi da cikar girma, ba tare da an nuna mata da yatsa ba. Takardar nan ba za ta taɓa kai ta wurin ba, domin ta riga ta gaya mata amsa.

Daga nan na kawo musu Shelley, wani mawaƙin Ingila na zamanin Keats, wanda ya yi waƙarsa ta iskar yamma a shekarar ta 1819 kusa da Florence ta Italiya. Shi Shelley ya rufe da tambaya mai ɗauke da fata, cewa in hunturu ya zo ai tsiro na tafe. Keats ya tambayi inda waƙoƙin lokacin tsiro suke, nan take ya ce kada a tuna da su, kaka ma tana da kiɗanta. Bai yi wa kowa alkawarin dawowar komai ba. A ganina dangana ta fi ƙarfi a wurinsa, don ya yarda da ƙarewar abu ba tare da ya nemi diyya ba.

Duk da haka, da jarrabawa ta zo, da yawansu suka koma wa layuka huɗun nan. Na yi ta karanta "kaka tsufa ce, Keats na kan gadon mutuwa" har kaina ya yi zafi, kuma na rage musu maki ina jin ciwon abin, don a aji sun fahimta. Tsoron jarrabawa ne ya mayar da su ga abin da suka haddace.

Duk mai shirin koyar da waƙar nan, ya fara tambayar ɗalibai abin da suka riga suka karanta a kanta, kafin ya fara komai. Tarihin Keats kuwa a riƙe shi sai an gama baiti na uku, sannan a rubuta shekarun a allo bi da bi, 1818, 1819, 1820, 1821, su gani da idonsu cewa waƙar ta riga tarin jinin zuwa. A jarrabawar gwaji kuma a tilasta musu kawo hujja daga ɗango, ko da guda ɗaya ne, a kan duk abin da suka ce yana nufin mutuwa.