Nishi a Helenancin Sabon Alkawari

Masu nazarin Littafi Mai Tsarki a nan Katsina sukan ci karo da aikatau "stenazo", wanda ya zo sau 6 a Sabon Alkawari, ma'anarsa kuwa nishin wanda abu ya danne wa zuciya. A Markus 7:34 sigarsa "estenaksen" ce, shuɗaɗɗen lokaci, domin Yesu ya dubi sama ya yi ajiyar zuciya kafin ya warkar da kurma. A Romawa 8:23 kuwa Bulus ya ce "stenazomen", muna nishi, kuma a ganina wannan sigar ta fi nauyi, tunda nishin bai yanke ba, ana cikinsa ana jiran fansar jiki. Yakubu 5:9 ya hana yin sa a kan juna, inda ya koma gunaguni.