Talata: ayaba a hannun Mama

Watana bakwai ke nan ina aikin kula da wata tsohuwa Bayahudiya a unguwar Boro Pak da ke Burukilin, a birnin New York na Amurka. Shekarunta 88. Ina ce mata Mama, ita kuwa duk sunan da ya zo bakinta da shi take kirana, don mantuwa ta fara cin ƙarfinta.

Da safe na ɓare mata ayaba. Ta karɓa da hannun dama, ta ɗaga ta daidai fuskarta, ta fara "Baruk ata..." da Ibrananci kamar kullum. Sai ta tsaya cak. Ƙarshen addu'ar ya ɓace mata. Leɓenta na rawa, idonta ya ciko, ayabar na neman suɓucewa, amma ta ƙi kai ta baki. Na ce, "Mama, ki ci mana." Ta girgiza kai.

A wajenmu Bismillah ɗaya ta wadatar, tuwo ne ko ruwa. Su addu'a shida gare su kafin ci, kowacce da abincinta: burodi, sauran abin da aka yi da garin alkama da danginta, ruwan inabi, 'ya'yan itace, amfanin ƙasa, sai ta ƙarshe mai kwashe ragowar, wato nama, kifi, ƙwai, madara da ruwa. Sunan irin wannan addu'a beraka, kuma tushenta ɗaya da albarka tamu. 'Yar Mama ta liƙa jerin a jikin firij, na kalle shi har na haddace. Na matsa kusa da kunnenta na ce, "Ha'adama," wato ƙarshen addu'ar amfanin ƙasa. Fuskarta ta washe, ta ƙarasa, ta gutsura.

Da farko na ɗauka ayaba ɗan itace ce. Malamansu sun ce a'a: itace shi ne wanda jikinsa ke tsayawa shekara da shekaru yana ba da 'ya'ya. Ayaba kuwa kowane kara haihuwa ɗaya yake yi, a sare shi, wani ya tsiro daga gindi. Duk wanda ya taɓa noman fadama ya san haka. Saboda haka tana layin kankana da dankali. Wallahi wannan ya burge ni, a ce sai ka san yadda abu ya tsiro kafin ka gode a kansa.

Da azahar 'yar ta zo, ta same ni a baranda da kofin kunun gerona, domin ba na haɗa kwanukana da nasu. Na ce, "Anti, wannan fa, me za ku karanta masa?" Sai da ta buga wa mijinta waya. Ya ce hatsi biyar ne ke da addu'a ta musamman, alkama da sha'ir da wasu uku danginsu, gero ba ya ciki. Har Shulhan Aruk, littafin fiƙihunsu na Yusuf Karo da aka buga a 1565, ya ambaci burodin gero, ya sa shi a ta shida, shehakol.

Abin ya ɗan sosa mini rai. Geron da ya raine mu, a jefa shi cikin ragowa? Na faɗa mata haka. Ta ce in tsaya in ji ma'anar: godiya ga Wanda komai ya kasance da kalmarSa. Nan take kun fayakun ya faɗo mini, na yi shiru. Ta ƙara da cewa tun a Mishna, tsohon kundin dokokin addininsu, an rubuta cewa wanda ya karanta wannan a kan kowane irin abinci, ta isar masa.

Maganin la'asar Mama ta haɗiye shi da ruwa ba ta ce komai ba. Ruwa sai an sha don ƙishirwa ake yi masa addu'a.

Da dare akwai burodi. Na riƙe mata kofi mai hannu biyu ta zuba ruwa a kowane hannu, ba ta sake magana ba sai da loma ta shiga. Bayan ta ƙoshi ta fara doguwar godiyar nan da Attaura ta yi umarni da ita, cewa idan ka ci ka ƙoshi ka gode wa Ubangiji. Ina tsaye da faranti a hannu, gabana na faɗuwa, ina jiran inda za ta maƙale. Ta rera ta da waƙa tun daga farko har ƙarshe, idonta a rufe, ko tuntuɓe babu. Da ta buɗe ido ta kira ni da sunan ƙanwarta, ta ce in kashe fitila.