Laraba, kiran waya

Yau ma Dogo, abokin ɗakina, ya riga ni tashi. Ƙarfe huɗu da 'yan mintuna na ji motsin ruwa a banɗaki, kafin alam ɗina ya buga har ya zauna bakin katifa, hannu cikin 'yar jakar carbinsa, baki na motsi. Carbin nasu na mabiya Krishna 'ya'ya 108 ne kuma sau 16 yake ja kullum, kusan awa biyu kenan. Na yi alwala na shimfiɗa sallaya ta wancan gefen, ya sassauta murya kamar yadda ya saba.

Lakcar safe ba wani abu. Ruwan Bangalore kamar da bakin ƙwarya. Ɗan adaidaita ya ƙi kunna mita, na haƙura na bi metro.

Da rana ne abin ya faru. Muna cin abinci wayarsa ta yi ƙara, ya bar farantinsa ya fita, sai da ya yi minti ashirin. Da ya dawo na ce wa ya tsare ka haka? Ya ce ai mai kula da shi ne a FOLK, shirin matasa na wurin ibadar ISKCON, ƙungiyar mabiya Krishna, da ke unguwar Rajajinagar, duk Laraba sai ya kira. Na ce wa'azi yake maka ta waya? Ya ce a'a, tambaya ce kawai: ƙarfe nawa kake kwanciya, ka sake buɗe manhajar caca, ka kira mamanka, ina ka kai a karatun jarabawa. Ku da kuka san Dogon bara kun san me nake nufi, giya duk ƙarshen mako, kuɗin hayarsa kaf ya tafi a cacar kurket lokacin gasar IPL ta Indiya har sai da na ranta masa. Yanzu dokoki huɗu yake riƙe da su, ba nama, ba kayan maye, ba caca, ba neman mata, ko shayi ya daina sha, mamansa ma har ƙorafi take ya ƙi miyarta saboda albasa da tafarnuwa.

Ya san ban yarda da abin da yake bautawa ba, na faɗa masa tun farkon zamanmu, kuma ba ma musu a kai. Amma ban san ya aka yi ba na tsinci kaina ina ba shi labarin ƙanina Auta, yaran da yake bi yanzu, kwalbar da Umma ta gani a aljihun wandonsa. Ya saurara har na gama sannan ya ce, to wa yake kiransa?

Na fara lissafi, ai ya yi Islamiyya, ya sauke yana shekara 15, mun yi walima, malaminsu mutumin kirki ne. Ya ce a'a, wannan satin nake nufi. Wa ya kira shi?

Wallahi na rasa ta cewa.

Tun ɗazu nake juya maganar. Mu ba wa'azi muka rasa ba, tafsirin azumi masallaci ba masaka tsinke, amma daga ranar sauka shikenan yaro ya koma hannun majalisa. Baba faɗa, Umma kuka, ni kuma in tura kuɗi in bi da saƙon murya na minti biyar duk zagi. Shi mai kiran Dogon nan shekara huɗu kawai ya ba shi, injiniya ne, kuma ran Lahadi aiki suke ba su, ɗaukar tukwane, shara, rabon abinci.  Ranar da Dogo bai je ba sai an san bai je ba. Auta zai iya ɓacewa kwana uku babu wanda ya lura sai Umma.

Sha ɗaya da rabi na dare nan, bakwai a Kano, an idar da magariba. Na kira Auta sau biyu tana ringin har ta katse. Na uku ya ɗauka, muryarsa a tsorace, Yaya lafiya, wani abu ya faru? Na ce ba komai, jin muryarka kawai. Ya yi shiru. Muka yi hirar Pillars minti huɗu, ya ce cajinsa zai mutu.

Na saita tunatarwa, Laraba mai zuwa. Dogo ya yi barci tun tara da rabi. Wanki na nan jibge, sai gobe.