Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Yadda Na Sami Masauki a Kwatano

A makon jiya na tsaya a inda kawuna ya yanke shawarar tura ni Kwatano domin in sayo masa motoci biyu, bayan na yi shekara uku ina tsare masa wurin sayar da motoci a nan Katsina. A watan Oktoba na 1997 ne, an yanke gero an ɗaure dammuna, iskar kaka kuma ta fara kaɗawa da sassafe. Daren da zan tashi ya kira ni zaure, ya ba ni lalita cike da kuɗin sefa da ya canzo a Jibiya, da ƙullin kilishi da daddawa da kwalbar man shanu, sannan ya miƙo mini wata wasiƙa da ya rubuta da ajami. Ya ce, “Wannan takarda ta fi abin da ke cikin lalitar nan daraja. Idan ka isa, kada ka sauka ko'ina sai Zango, a gidan wanda na rubuta wa.”

Hanyar doguwa ce. Daga Jibiya na shiga Maraɗi, na bi ta Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso har Gaya, na haye gadar kogin Kwara zuwa Malanbil, garin farko na ƙasar Benin. A Maraɗi na koyi lissafin da ya taimake ni daga baya, wato Hausawan can da dala suke ƙirga sefa, kowace dala tamma biyar ce, jika ɗaya kuma sefa 1,000. Daga Malanbil mota ta kai ni Paraku ta Kandi, a can na hau jirgin ƙasa da a lokacin yake yin kilomita 438 zuwa bakin teku. Tun daga tsakiyar hanya na ga ƙasa tana sauyawa, kuka da gawo suka ɓace, kwakwar manja da ayaba suka maye gurbinsu, rigata kuma ta manne mini a baya da wani irin gumi da ba ya bushewa.

Mun isa bayan sallar isha'i ana yayyafi, domin kudancin ƙasar damina biyu gare shi, ta biyun kuwa tana kamawa ne daga Satumba zuwa Nuwamba, lokacin da mu a Katsina mun riga mun yi sallama da ruwa. A ƙofar tasha 'yan kabu-kabu masu rigar ruwan ɗorawa, waɗanda ake kira zemijan, suka yanyame ni da Faransanci da yaren Fon, ni kuwa ko kalma ɗaya ba na ji. Na ce wa ɗaya daga cikinsu Zango, ya gyaɗa kai, amma da muka shiga unguwar sai na tarar da lunguna cike da ruwa, shaguna a rufe, mutane biyu da na tambaya kuma baƙi ne kamar ni. Na ga bai dace in ƙwanƙwasa ƙofar dattijo da tsakar dare ba, sai na kwatanta wa mai babur da hannu cewa wurin kwana nake nema, ya kai ni wani ƙaramin otal kusa da tashar motocin Jonke.

Wannan dare har yau ina tuna shi. Mai karɓar baƙi ya rubuta 4,000 a kan takarda, na ƙirga jika huɗu na ba shi, ya miƙo makulli bai ko ɗaga ido ya dube ni ba. Bangon ɗakin ya jiƙe har ya yi kore daga ƙasa, zanin gado yana da danshi, sauro kuwa ya cika wurin. Na nemi buta na rasa, na nemi wanda zai nuna mini alƙibla babu, sai na yi ijtihadi na rama sallolina a kan rawanina. Kiɗa yana tashi daga mashayar da ke ƙasa har wajen ƙarfe uku, ni kuma ina zaune na jingina da ƙofa, lalita ɗaure a ƙuguna, ina tunanin cewa da wani abu zai same ni a ɗakin nan babu mutum ɗaya a garin da ya san sunana ko sunan ubana. Wannan tunani ne ya hana ni barci, fiye da sauro da kiɗan.

Da na ji kiran sallar asuba daga nesa, na ɗauki jakata na bi sautin har na isa babban masallacin Zango. Ana sallamewa na ji Hausa ta ko'ina, ta Sakkwato da ta Damagaram da ta Tawa, har hawaye suka kusa zubo mini. Na nuna wa ladan wasiƙar, ya karanta sunan da ke bayanta, ya nuna mini wani dattijo a sahun gaba yana jan carbi. Na jira ya shafa addu'a, na durƙusa na gaishe shi. Ya karanta wasiƙar sau biyu, ya tambaye ni lafiyar kawuna da ta mahaifiyata, sannan ya ce, “Yaushe ka sauka, ɗana?” Na ce, “Daren jiya, Baba.” Da na faɗi inda na kwana sai ransa ya ɓaci, ya ce, “Zaurena ba a rufe shi. Ko ƙarfe nawa baƙona ya zo, turawa yake yi ya shiga. Da wani abu ya sami dukiyar nan, da wane ido zan dubi kawunka?”

Mutumin Katsina ne ta wajen uba, amma a Kwatano aka haife shi, yana jin Faransanci da Fon da Yarbanci kamar yadda yake jin Hausa. Gidansa irin na fatoma ne da iyayenmu suke ba da labari tun zamanin fataucin goro: bayan zaure akwai dogon ɗaki na baƙi mai tabarmi goma sha biyu, kowace da gidan sauronta a rataye, da tulu da butoci a bakin ƙofa. Abin da ya fara yi shi ne ya kira babban ɗansa da wani Alhaji ɗan Maraɗi, aka ƙirga kuɗin kawuna a gabansu, aka rubuta a wani littafi mai baƙin bango, na sa hannu, ya kulle su a akwatin ƙarfe cikin turakarsa. Ban san nauyin da nake ɗauke da shi ba sai da aka kwance mini lalitar nan, na kwanta na yi barci har azahar.

Ba a biyan kuɗin ɗaki a gidan. Tuwon dare daga cikin gida yake fitowa, kalaci kuwa kowa ya fita wajen mai shayi ko mai ƙosai. Abin da maigida yake samu shi ne la'ada a kan kowace motar da baƙonsa ya saya, shi kuma ya haɗa ka da dillalin da ya yarda da shi, ya yi maka tafinta, ya tsaya maka idan an sami saɓani da mai kaya ko da hukuma. Na ji wasu samari na cewa wannan tsari ya tsufa, gara mutum ya kama otal ya yi cinikinsa shi kaɗai ya riƙe la'adarsa. Ni dai ban yarda da su ba, domin a tafiye-tafiyen da na yi daga baya na ga wanda aka sayar wa mota ɗaya shi da wani, ya rasa wanda zai kai wa kuka, na kuma ga baƙon da zazzaɓi ya kayar a ɗakinmu, matan gidan suka yi jinyarsa kwana tara ana aika wa iyalinsa labari.

Zaman gidan ya koya mini halin garin a ƙananan abubuwa. Ruwan rijiyar tsakar gida zartsi ne, sabulu ba ya kumfa da shi, na sha sai na famfo. Na wanke kaftani na shanya, ya kwana biyu bai bushe ba, alhali a Katsina kafin la'asar an ɗauke. Kilishin da na kawo tsaraba, uwargida ta ce a cinye shi a ranar, domin idan ya kwana uku zai yi fumfuna. Dalilin duk wannan shi ne an gina birnin a kan rairayi tsakanin teku ta kudu da tafkin Nokuwe ta arewa, ga kuma mashigin ruwa da ya raba shi biyu, a lokacin babbar kasuwar Dantokpa tana bakinsa. Ko da yake Porto Nobo ce babban birnin ƙasar a hukumance, fadar shugaban ƙasa da harkar kasuwanci duk a Kwatano suke, kuma tashar jiragen ruwan da aka buɗe a 1965 a wancan lokacin ita ce ƙofar da yawancin kayan Nijar suke shigowa ta cikinta.

Da la'asar ta yi sanyi, ɗan maigida ya ɗauke ni a babur zuwa bakin teku. Kafin in gan ta na ji rurinta, na kuma ji ɗanɗanon gishiri a leɓena. Ruwan da na sani mafi girma shi ne dam ɗin Jibiya, amma wannan ba shi da ɗaya gaɓar, ya tafi har ya haɗe da sama, igiyarsa tana tasowa ta bugi rairayi ta koma. Na tsaya ina tasbihi ban iya magana ba. Can cikin tasha ga wani jirgi da ya ninka hasumiyar Gobarau tsawo, ya buɗe bayansa, motoci suna fitowa daga cikinsa ɗaya bayan ɗaya kamar tururuwa. Ya ce mini daga Antuwap ta ƙasar Beljiyam yake, shi ya sa muke kiran motocin 'yan Beljiyam.

Da dare bayan mun ci tuwon masara da miyar kifi, Baba ya kira ni ya ce in kwanta da wuri, domin gobe da hantsi za mu shiga filin motoci wajen wani Kwara, wato Balaraben Labanan, da ya daɗe yana hulɗa da shi, kuma kada in nuna sha'awar kowace mota a fuskata sai ya taɓa mini hannu. Yadda cinikin ya kasance, da yadda muka biyo ayarin motoci zuwa Gaya, shi ne zan kawo a mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.